Ranar da Na Katse wa Ɗan Yayata Kiɗa

Na daɗe ina auna makaɗin jita da gudun yatsunsa. Wurin da ya fi ɗauke mini hankali a waƙa shi ne inda mawaƙi zai yi shiru ya bar jita ita kaɗai ta yi magana, kuma gwanayena duk mutanen Amurka da Ingila ne. Jimi Hendrix ya kaɗa taken ƙasar Amurka a bikin Woodstock a 1969, ana tsaka da yaƙin Biyetnam, ya sa tsirkiya tana kukan jiragen yaƙi da fashewar bam. Eddie Van Halen ya fitar da "Eruption" a 1978, kiɗan da bai cika minti biyu ba, yana danna tsirkiya a wuyan jita da hannu biyu. Har gobe ina son su.

Abin da ke damuna shi ne yadda na yi amfani da wannan son na zalunci ɗan yayata. Yaron ya tara kuɗin aikin hutu ya sayi tsohuwar jita, ya koya wa kansa. Wata rana da yamma ya same ni a majalisa yana murna, ya ce, "Kawu, saurari wannan." Ya fara kaɗa wani abu a natse, babban yatsa na riƙe da amo ɗaya a ƙasa, sauran yatsun suna kewaya 'yan muryoyi kaɗan suna dawowa. Ban bari ya kai ƙarshe ba. Na ce, "Kai, ai gurmi kake kaɗawa. In jita kake so, je ka koyi Hendrix." Ya ce a wurin Ali Farka Touré ya ji salon. Na ce ai shi ma kwaikwayon makaɗin Amurka John Lee Hooker yake yi. Maganar nan tsinto ta na yi a bakin wasu, ban taɓa zama na saurari Ali Farka ba. Abokaina suka yi dariya, yaron ya rataya jitarsa ya tafi.

Sai daga baya na ji faifan Talking Timbuktu na 1994, wanda Ali Farka ya yi da Ry Cooder, har ya ci kyautar Grammy. A waƙar "Ai Du" na tsaya cak. Ba ya gudu, ba ya neman burge kowa. Yakan ɗauki gajeriyar jimla ya maimaita ta, ya ɗan karkata ta, ya bar shiru a tsakani, har ka fara jiran dawowarta. Na bibiyi tarihinsa, kunya ta kama ni. An haife shi a 1939, ya tashi a Niafunké a bakin kogin Neja, a Mali. Tun yana yaro kayan kiɗa masu tsirkiya ɗaya yake kaɗawa, ciki har da njarka, 'yar uwar kukumarmu. A 1956 ya ga Keita Fodeba na Gini yana kaɗa jita, sha'awarta ta shige shi. Hooker kuwa sai a ƙarshen shekarun 1960 ya ji shi, lokacin hannunsa ya riga ya nuna. Ashe gurmin da na yi gori da shi ne ainihin gwanintar.

Abin ciwon, ni da na girma ina jin Ɗan Maraya Jos yana riƙe taro da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ban kamata in buƙaci alƙalan Amurka su nuna mini darajar wannan hannu ba. Ko gudun da nake ɗokinsa ma akwai shi a maƙwabta. Mdou Moctar, Buzu daga Nijar, bahago kamar Hendrix, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Duk wanda ya ji yadda jitarsa ke tashi a "Afrique Victime" ta 2021 ya san ba ta bar salon Hamada ba.

Na je har gida na ba yaron haƙuri. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Kawu." Na ce ya ɗauko jitar ya ƙarasa mini kiɗan nan. Ya ce ai tuni ya sayar da ita.