Bencin Ƙofar Gidanmu a Zangon Wagadugu



Duk baƙon da ya sauka Wagadugu a yau ya ce wa mai taksi ya kai shi Zongo, yamma za a nufa da shi, can wajen Bulmiyugu, inda akwai wata unguwa mai wannan suna a bakin gari. Amma in ka ji tsohon Bahaushe ya ce "Zango" ya yi ajiyar zuciya, to yana nufin unguwar da Mosawa suka kira Zangwetin, wato mazaunin Hausawa, wadda take a tsakiyar birni tsakanin babbar kasuwar Rood Woko da filin jirgin sama, har aka rushe ta a 2003. A can aka binne cibiyarmu.

Abin da ya mayar da mu can cikin hunturun bana tambaya ce ta yarinya. 'Yar wanmu, wadda ke ajin ƙarshe na lakwal, ta ga muna rubutu ta ce, "Baffa, wai daga ina kuke samo duk abin nan da kuke rubutawa?" Muka ce mata daga kan benci. Ta yi dariya, ta zaci ba'a muke yi. Sai muka ce gani ya kori ji, ta shirya ranar Asabar mu kai ta.

Mun ajiye babur kusa da babban masallacin Juma'a, muka taka da ƙafa muka bi titin Kwame Nkrumah muka yi kudu. Benaye ne dama da hagu, bankuna da otal-otal da ofisoshi, ga kuma filayen da aka kewaye da kwano ba a gina ba tukuna, busasshiyar ciyawa ta cika su. Mun fi rabin sa'a muna kai da kawo muna neman daidai inda ƙofar gidanmu take. Lungun ya tafi, rijiyar ta tafi, dogon yaron da muke auna komai da shi babu ko kututturensa. Daga ƙarshe da hasumiyar masallaci da saitin sauka da tashin jirage muka kintata, muka tsaya gaban wata doguwar katanga muka ce mata, "Nan ne." Da muka so mu ɗan zauna a gindin katangar, mai gadi ya taso cikin ladabi ya ce ba a zama a nan. Ba mu ga laifinsa ba, domin tun harin 15 ga Janairu 2016 da ya ci rayuka 30 a kan wannan titi, masu gadi suka daina sakin jiki da mai zama haka kawai. A tsaye muka ba ta labarin wurin da muka yi ƙuruciyarmu a zaune.

Kafin mu zo ga bencin, ya kamata mai karatu ya tuna mene ne zango. Masaukin fatake ne. Kakanninmu sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Gurma su nufi Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga, wani reshen hanyar kuma ya biyo ta ƙasar Mosawa. Har gobe sunan garin Fada N'Gurma yana shaida cewa bakin Bahaushe ne ya raɗa shi. Inda madugu ya ce a sauke kaya, nan ne zango, kuma abin da ake fara yi bayan an ɗaure dabbobi shi ne a zauna a tambayi labarin hanya: ina ne akwai ruwa, wane sarki ya ƙara kuɗin fito, nawa goro ya kai. Wasu fataken ba su tashi ba, suka yi aure suka gina zaure. Faransawa sun shigo Wagadugu a 1896, jirgin ƙasa ya iso daga Abijan a 1954, mota ta karɓi aikin jaki, amma zaman tambayar labari bai mutu ba. Daga buzu da tabarma ya hau dakali, daga dakali ya koma benci.

Namu na katakon maɗaci ne, wani kafinta maƙwabcinmu ya ƙera shi tun ba a haife mu ba. Mutum biyar yake ɗauka, shida in an matsa. Dattawan da suka yi zaman Kumasi suna ce masa benci, mu 'yan lakwal mu ce "ban" irin ta Faransanci, su yi mana dariya. Da hantsi yana gindin dogon yaro, bayan la'asar a ja shi jikin bangon zaure inda inuwa ta koma, kuma jan nan aikinmu ne mu yara. Mahaifinmu, da yake shi ke limancin masallacin lungun, a tsakiya yake zama. Dama da shi wani tsohon direban babbar mota da ya san hanyar Lome da ta Maraɗi kamar tafin hannunsa, hagu kuma wanzamin unguwa. Yaro ba ya hawa sai an kira shi, in kuwa an kira shi, can ƙarshe zai ɗosana. Ƙafafun bencin sun shige ciki kaɗan, saboda haka in na tsakiya suka miƙe ba sanarwa, na gefe sai ya ji shi a ƙasa. Wannan ya sa ba mai tashi sai ya ce, "To, zan tashi." Darasin farko ke nan da ya koya mana: nauyinka yana riƙe da wani.

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mu abin da ya hau kanmu magana ce, kuma ta hanyar wasiƙa ta fara. Da yake muna zuwa madarasa muna kuma zuwa lakwal, mu ake kira in za a rubuta takarda, da Faransanci in ta ofis ce, da ajami in ta dangi ce a Kano ko Kumasi. Sai a ɗora mana littafi a gwiwa, mai wasiƙa ya faɗa, mu rubuta, sannan mu karanta da ƙarfi kowa ya ji. A nan ake yin ta. Wata rana tsohon direban ya sa mu rubuta wa ƙanensa da ya riƙe masa kuɗi shekara biyu. Ya zazzaga faɗa shafi guda, muka rubuta duka. Da muka karanta, wanzami ya ce, "Alhaji, kuɗin kake so ko ƙanen?" Aka yi shiru. Can ya ce, "Yaro, yage." Wasiƙar da ta tafi layi huɗu ce: gaisuwa, labarin cewa damina ta rushe bangon ɗakin mahaifiyarsu, da tambayar yaushe zai zo su duba. Bayan wata biyu kuɗin suka zo, mai kuɗin ma ya biyo su. Babu malamin insha'i da ya taɓa nuna mana amfanin soke magana kamar yadda aka nuna mana a yammacin nan.

Wanzamin kuwa shi ne gwanin labari. Yana da wani na yadda ɓarawo ya shiga gidan kurma, wanda muka ji ya fi sau talatin. Da fari dogo ne, yana da kwana-kwana. Duk inda masu sauraro suka fara kallon hanya, gobe sai ka ji ya zubar da wurin. Inda aka yi dariya ya riƙe, ya ƙara masa ɗan jinkiri kafin ya saki kalmar ƙarshe. Cikin shekara guda labarin ya koma rabinsa, ya kuma ninka daɗi. Benci rariya ne, abin da bai kai ba zubewa yake yi. Har yau in mun gama rubutu mukan karanta shi da ƙarfi, muna jin inda dattawan nan za su kau da kai.

Da muka girma muka yi ta tunanin me ya sa magana ke nuna a kan benci fiye da kan kujerun falo. Abin da muka gano shi ne masu zaman benci ba sa fuskantar juna, kafaɗa da kafaɗa suke, idonsu na kan hanya. Don haka shiru ba ya zama abin kunya, mutum yakan yi minti goma yana juya magana a ransa ba wanda ya matsa masa, kuma abin da nauyin ido zai hana shi faɗa yakan fito da sauƙi. Hanya ce ke kawo abin zance: mai tallan fura, Bayarabiya mai kayan koli, Bafulatanin Peuloghin da ƙwaryar nono, baƙon da ya sauko daga tasha yana neman gidan mai masauki. Benci kuma ba shi da majingina, ba ya barin mutum ya yi gyangyaɗi, dole ya zauna a farke. Mahaifinmu yakan tuna wa mazauna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri game da haƙƙin hanya a kan mai zama bakinta, wato kame ido, da kame cuta, da amsa sallama, da horo da alheri da hani ga mummuna. Wannan ne shingen da ya raba majalisa da dandalin gulma, kuma mun ga ranar da aka tashi zama tun kafin magariba saboda wani ya ƙi sakin sunan matar mutane.

Kada a ce maza kaɗai ke da wannan makaranta. Bayan bangon zauren, iyayenmu mata suna da kujerunsu 'yan tsugunno da tabarmarsu, inda ake tsinkar zogale ana ba da labari, da dare kuma a yi mana tatsuniya. Rabin karin maganar da ke bakinmu daga can muka kwaso shi.

Ba kuma a Wagadugu kaɗai zaman zango ya haifi marubuci ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, cikin fatake ya yi rayuwarsa. Littafinsa na farko a kan yadda ake rubuta wasiƙa ne, waƙoƙinsa na Hausa da Larabci kuwa sun taɓo talauci da wadata da zuwan Turawa, wato abubuwan da ake tattaunawa a kowace ƙofar gida ta zamaninsa. Abin da ake kira majalisa a Kano, fada a Yamai da Damagaram, "grin" a nan wajen masu shayi, duk jikokin zama ɗaya ne.

Shekarar 2003 ta zo wa unguwar da abu biyu. A watan Mayu gobara ta cinye Rood Woko, inda da yawa daga iyayenmu ke neman abinci, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Kafin shekarar ta ƙare kuma aka rushe Zangwetin da maƙwabtanta, Tiedpalogo da Peuloghin da sassan Kamsaoghin da Koulouba, domin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi, bayan an yi ta ja-in-ja tun 2001. Mutum wajen 12,500 suka tashi. An ba da filaye a Ouaga 2000 ta kudu da Nioko ta gabas, wasu kuma suka sayar suka bazu cikin gari. Ranar da muka kwashe kaya, bencin ne abu na ƙarshe da aka ɗora a mota, ƙafafunsa a sama. Tsohon direban ya dafa shi ya ce wa mahaifinmu, "Allah gafarta Malam, katakon dai ka ɗauka." Ba mu gane nufinsa ba sai daga baya.

Daga gindin katangar nan muka ɗauki yarinyar muka bi hanyar Fada zuwa Nioko, hanyar da kakanni suka shigo ta ita. Bencin yana nan a ƙofar gida, an canja masa ƙafa ɗaya, tsakiyarsa ta yi santsi kamar an shafa mai. Amma direban ya koma kudu wajen ɗansa, tafiyar da sai an sha mai, ya rasu ba su sake zama tare sau goma ba. Wanzamin ma ya riga mu gidan gaskiya, labarin ɓarawo da kurma kuwa ba wanda ya rubuta shi, mu da muka ji shi sau talatin ma yanzu ƙashinsa kawai muke iya kawowa. Gidajen sabuwar unguwa masu dogayen katangu ne da ƙofofin ƙarfe, kowa ya shiga ya rufe. Yaranmu suna jin More da Faransanci kamar ruwa, abin farin ciki ne, sai dai Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da aike, domin wurin da ake jin doguwar magana ya yi ƙaranci.

Mun tarar da mahaifinmu zaune shi da wani maƙwabci Bamoshe, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, suna kallon hanya ba mai cewa komai. Ya kira yarinyar ya nuna mata ƙarshen benci. Ta tambaye shi ina ne ainihin ƙofar tsohon gidan, sai ya fara lissafa mata gidajen lungun ɗaya bayan ɗaya, da sana'ar kowane mai gida da garin da kakansa ya fito, maƙwabcin yana tsoma baki da abin da ya sani na tasha. Ba wanda ya ce ta ɗauko takarda. Da kanta ta buɗe jakarta, ta rubuta shafi uku kafin a kira magariba.

Saboda haka ga roƙonmu ga kowane gida da wannan mujalla ke shiga. Wanda ke da ƙofa ya sa kafinta ya ƙera masa benci, ya fitar da shi waje bayan la'asar, ya amsa sallamar duk wanda ya wuce ko wane harshe yake ji. A bar wa yara gefe su ɗosana, a karɓi wayar hannunsu na sa'a guda, ko kuwa a sa su naɗi muryar kakansu da ita. Waɗanda suka san Zangwetin lungu-lungu suna raguwa kowace shekara, da tsohuwar zuma kuma ake magani. Duk wanda ya rubuta wani abu daga bakinsu, ko shafi ɗaya ne, ya adana shi ya karanta wa na baya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka zauna a kan bencin nan suka riga mu, Ya ƙara wa sauran lafiya.