Ziyara A Gidan Ponte Na Birnin Johannesbag

 Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wannan wata zan kai mai karatu Johannesbag ta Afirka ta Kudu, mu ga wani gidan haya da ake kira Ponte, domin akwai darasi a cikinsa ga mu da 'ya'yanmu ke barin zango suna kama ɗaki a benaye.

Duk wanda ya doshi tsakiyar birnin zai hango shi tun daga nesa, a unguwar Berea, daf da Hillbrow. An gama gina shi a 1975, tsawonsa mita 173, hawa sama da 50. Kewayayye ne kamar ganga, tsakiyarsa kuma rami ne tun daga ƙasa har sama. In ka tsaya a gindin ramin ka ɗaga kai, sai ka ga kamar kana cikin rijiya, sararin sama ɗan ƙarami can ƙoli. An bar ramin ne don haske da iska su riƙa shiga ɗakuna ta ciki da waje.

Lokacin da aka buɗe shi, zamanin mulkin wariyar launin fata ne, masu hali daga cikin fararen fata su ne 'yan haya. Baƙar fata ba ya shiga sai in aikatau ya kawo shi. Daga ƙarshen shekarun 1980 al'amura suka fara sauyawa. Masu kuɗi suka yi ta ƙaura zuwa unguwannin arewa, irin su Sandton, aka kuma soke dokar raba unguwanni a 1991. Talakawan ƙasar da baƙi daga sauran ƙasashen Afirka suka cika Hillbrow da kewayenta.

To, ba zuwan talaka ne ya lalata gidan ba, sakaci ne. Aka daina gyara, lif ya lalace, fitilu suka mutu, ƙofa ta zama ta kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan daba da masu sayar da ƙwaya suka mai da wasu hawa matattararsu. Wancan rami kuwa ya zama juji, shara ta taru har ta kai tsawon hawa da dama. Abin ya kai har a 1998 aka kawo shawarar a mai da ginin gidan yari.

Allah da ikonSa, hakan bai faru ba. Daga farkon shekarun 2000 masu ginin suka sa masu kula da shi na sosai. Aka kwashe sharar, aka gyara lif, aka kori ɓata-gari. Abin da na tarar shi ne ƙofar ƙarfe mai juyawa, wadda ba ta buɗewa sai na'ura ta gane zanen yatsanka, ga masu gadi dare da rana. Baƙo ba ya wucewa sai an rubuta sunansa da ɗakin da ya nufa. Iyalai da ɗalibai da ma'aikata ke zaune a ciki, yara suna wasansu. Wata ƙungiya mai suna Dlala Nje, wadda aka kafa a 2012, ita ke zagayawa da masu ziyara, tana taimaka wa yaran unguwa da abin da ta samu.

Amma ba duk benayen birnin ne suka yi wannan sa'a ba. Akwai waɗanda 'yan ta'adda suka ƙwace, suna karɓar haya da ƙarfin tsiya, ba ruwan famfo, ba wutar kirki. Ranar 31 ga Agusta, 2023, gobara ta tashi a ɗaya daga cikinsu, ginin Usindiso mai hawa 5 a unguwar Marshalltown, mutum 76 suka rasu, da yawa baƙi ne. Binciken da aka yi ya nuna an toshe hanyoyin fita. Ashe ƙofar da aka garƙame don tsoron ɓarawo tana iya zama ajalin mai gida. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

A titi kuma sai an yi hattara. Mazauna Hillbrow ba sa riƙe waya a hannu suna tafe, ba sa ƙirga kuɗi a bainar jama'a, ba sa bin lungu bayan magariba su kaɗai. Shawararsu ga baƙo ɗaya ce: in mai makami ya tare ka, miƙa masa abin da ya nema, rai ya fi dukiya. Lambar 'yan sandan ƙasar ita ce 10111. Fataken mu masu zuwa saro kaya su riƙe wannan, su kuma nemi masauki ta hannun wanda suka sani. Unguwannin Fordsburg da Mayfair suna da Musulmi da yawa, ga masallatai da abincin halal.

In mun duba da kyau, abin da na'urar Ponte ke yi shi ne aikin zaure a gidajen kakanninmu. Baƙo ya yi sallama, mai gida ya san ko wane ne, sannan ya shiga. A Nima ko Sabon Zango ko Aboabo, sabuwar fuska ba ta kwana ba a sani ba. A bene kuwa, sai mutum ya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗin haya, ka tambaya: wa ke riƙe da mabuɗin babbar ƙofa? Akwai fitila a matakala? In wuta ta tashi, ta ina za a fita? Wa za a kai wa kuka in abu ya lalace? In ka tare, ka gaida maƙwabta, ka biya kuɗin mai gadi a kan kari, kada kuma ka buɗe wa wanda ba ka sani ba don kunya. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a duk inda muke, amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.