Kara Ɗaya A Ƙofar Meiji

Mu mashaya taba muna da wani ilimi da ba a koyarwa a aji, wato ilimin sanin lungu. Duk garin da muka sauka, kafin mu san inda kasuwa take mun riga mun san bayan ginin da za mu laɓe. Shekara ashirin da 'yan kai muna taƙama da wannan sani, har Allah ya kai mu birnin Tokyo a shekarar 2023 wajen wani taron masana adabi, inda muka gane ashe karatun namu ko babbaƙu bai wuce ba.

Ranar da aka tashi taro, wani abokin aiki Bajapane, dattijo mai ƙarancin magana, ya ɗauke mu zuwa Meiji Jingu, wurin bautar mabiya addinin Shinto da ke dab da tashar jirgin ƙasa ta Harajuku. Kallo ne ya kai mu, shi ma bai nemi abin da ya wuce haka daga gare mu ba. An kammala ginin a 1920 domin tunawa da Sarki Meiji, wanda ya rasu a 1912, da matarsa Shoken. Bama-baman 1945 suka ƙone shi ƙurmus, aka sake gina shi a 1958. Amma abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne dajin da ya kewaye shi, kimanin hekta 70, da itatuwa wajen 100,000 waɗanda jama'a suka bayar kyauta daga sassan ƙasar, aka dasa su da hannu. Wanda ya shiga yau sai ya rantse tun zamanin Annabi Nuhu dajin yake nan.

Muka wuce ta ƙarƙashin ƙofofin katako da suke kira torii, babbar cikinsu tsawonta mita 12. Hayaniyar birni ta ɗauke kamar an rufe mata baki, ba a jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalmi da kukan hankaki. To a daidai nan ne, wurin da ya kamata hankali ya kwanta, namu ya tashi. Rabonmu da sigari tun kafin karin kumallo. Hannu ya shiga aljihu da kansa, ba da izininmu ba.

Dattijon ya dubi hannun, ya dube mu. "Sensei," in ji shi, wato malam da harshensu, "a nan ba a sha. Ko kun fita titi ma ba a sha."

Muna tafe yana yi mana bayani. Gundumar Chiyoda ta tsakiyar Tokyo ce ta fara hana shan taba a kan titi a 2002, da tarar yen 2,000, sauran gundumomi suka bi sahu, ciki har da Shibuya wadda muke cikinta, a 2019. Ban da ƙazantar guntaye, babbar hujjarsu ita ce, sigarin da babba ke riƙe da shi yana tafiya cikin cunkoso, daidai yake da fuskar ƙaramin yaro. Sa'an nan a watan Afrilun 2020 doka ta hana sha a cikin yawancin gidajen abinci da ofisoshi. A ƙasashen Turai an kori mashayi daga ɗaki zuwa waje. Su nan daga waje aka fara korarsa. Abin da ya rage masa sai wasu 'yan killatattun wurare da hukuma ta ware, sai ka nema kafin ka samu.

Wannan ya sa muka tuna gida. Mu ma muna da dokar taba tun 2015, amma gaskiya ba ita ke tsare mu ba, kunya ce. Ba a sha a gaban mahaifi, ko suruki, ko malamin da ya koya maka karatu. Mahaifinmu har ya bar duniya bai taɓa ganin kara a bakinmu ba, ko da yake muna da yaƙinin hancinsa ya sani, ya dai zaɓi ya rufa mana asiri. A gida tambayar ita ce, wa yake kallo? A Tokyo kuwa ita ce, ina kake tsaye? Duk dabarunmu na laɓewa an gina su ne a kan ta farko, saboda haka ga daji mai duhu, ga lungu ko'ina, amma babu ko ɗaya da zai amfane mu.

Da ma a ce mun daure. Amma Hausawa sun ce sabo turken wawa. Muna isa harabar babban ginin muka nemi uzuri, muka ce minti goma. Dattijon ya sunkuyar da kai kaɗan, bai ce komai ba.

Komawa ƙofa kaɗai ta cinye minti goman. Muka faɗa cikin tururuwar samari da 'yan matan Harajuku, muna duba alluna da ba mu iya karantawa, muna bin duk wanda muka ga alamar kwali a aljihunsa, kamar maroƙi a bayan mai kuɗi. Da ƙyar muka samu wurin: wani ɗan shinge a gefen hanya, bai fi girman shagon tela ba. Mutum wajen goma a ciki, maza da mata, kowa ya kau da kai daga ɗan'uwansa, da yawa ma ba sigari ne a hannunsu ba, wata 'yar na'ura ce mai ɗumama taba ba tare da wuta ba. Babu gaisuwa, babu aron ashana, babu hirar nan da ke haɗa direba da farfesa a bayan tasha. Muka kunna, muka zuƙa a tsaye kamar masu shan magani. Cikin minti uku ya ƙare, ko ɗanɗanonsa ba mu ji ba.

Minti arba'in da biyar muka yi kafin mu dawo. Muka tarar da dattijon inda muka bar shi, kusa da wata babbar itaciya da aka kewaye da 'yan allunan katako waɗanda masu ziyara ke rubuta buƙatunsu a kai su rataye. Ya ce bayan tafiyarmu ayarin ɗaurin aure ya ratsa harabar, limaman wurin a gaba, amarya cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, an riƙe mata wata ƙatuwar jar laima, dangi na biye a jere, a hankali, babu guɗa babu kiɗa. Ya ce masu nazarin al'ada irinmu kan so ganin wannan, shi ya sa ya zaɓi wannan rana. Ba da sigar zargi ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mana rai. Sa'an nan ya nuna mana hoton da ya ɗauka a wayarsa, ya turo mana.

Hoton nan shi ne uwargida ta fi so a cikin duk tsarabar da muka kawo, ta nuna wa ƙawayenta ba sau ɗaya ba, tana cewa Malam ne ya ɗauka. Har yau ba mu gyara mata zancen ba. In wani ɗalibi ya kai mata wannan mujalla, to ta ji.