Kayan Tafiya Sikotland A Watan Yuli

Tun da 'ya'yanmu suka fara zuwa Birtaniya karatu da aikin jinya, iyaye sukan tare ni a ƙofar majami'a bayan sujada su ce, "Fasto, kai da ka taɓa zuwa, me za mu sa a akwati?" Yawancinsu a watan Yuli ko Agusta suke tafiya, gama an faɗa musu lokacin zafi ke nan a can. Ni ma haka aka faɗa mini a 2015, sa'ad da waɗansu ekklesiyoyi na ƙasar Sikotland suka gayyace ni ziyara ta mako uku. Bari in ba ku labarin yadda na ƙare.

Da na ji an ce lokacin zafi, sai bazararmu ta faɗo mini a rai. Na sa manyan riguna uku na shadda, da kaftani huɗu, da takalmi buɗaɗɗe. Uwargida ba ta yarda ba. Ta ce, "Maigida, ƙasar Turawa ce fa." Ta tafi kasuwar gwanjo a Jos ta sayo mini wata ƙatuwar kwat mai kauri kamar bargo. Kwat ɗin kaɗai ta cinye kusan rabin akwati, ga shi kilo 23 aka yardar mini. Na yi ta gunaguni, ita kuwa ta yi kamar ba ta ji ba. Ashe dukanmu biyu mun yi kuskure, kowa da irin nasa.

Abin da ba mu sani ba shi ne, sanyin Sikotland a wannan lokaci ba mai tsanani ba ne, amma ba shi da alkawari. Da rana ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 15 zuwa 19, da dare ya sauka wajen 10 ko 11. Mutumin Jos ko Pankshin ya san irin wannan a hunturu. Bambancin shi ne namu hunturu busasshe ne, kuma in ya zo ya zo ke nan har wata biyu ko uku. Nasu kuwa jiƙaƙƙe ne, yana kuma sāke fuska sau huɗu ko biyar a yini ɗaya. Dalili kuwa, ƙasar tana bakin Tekun Atlantika, iska kuma daga yamma take busowa, tana ɗauke da gizagizai bi da bi. In suka ci karo da duwatsun yammacin ƙasar sai su zubar da ruwa. Saboda haka akwai wurare a yamma da suke samun ruwa fiye da milimita 3,000 a shekara, alhali Edinbara, babban birnin, da ke gabas, wajen 700 take samu. Wannan bai kai na Jos ba. Sai dai mu namu yakan zo da hadari da tsawa, a yi shi a gama. Nasu yayyafi ne, kaɗan-kaɗan, kowane wata, ba sallama.

Wadda ta sauke ni wata tsohuwa ce da ta yi aikin jinya shekaru da yawa a asibitin mishan a Arewa, Hausarta kuwa ba ta tsufa ba. Mama muke ce mata. Da ta ga kwat ɗina a filin jirgi ta yi dariya ta ce, "Fasto, ai wannan ta Janairu ce." Gaskiyarta. In na sa ta na yi tafiyar minti goma, sai gumi. In na tuɓe, sai iska ta ratsa shadda kamar ba na sanye da kome. Na yi kwanaki ina yawo a Edinbara da ita a kafaɗa kamar ɗan dako.

A mako na biyu aka kai ni Ayona. Wani ɗan tsibiri ne a yamma, tsawonsa wajen kilomita 5 ne. A nan Kolumba ya sauka daga Ayaland a shekara ta 563 tare da abokansa goma sha biyu, daga nan kuma bishara ta bazu a arewacin Birtaniya. Tsohuwar majami'ar wurin ta daɗe a rushe kafin a sāke gina ta, ƙungiyar da George MacLeod ya kafa a 1938 kuma ta gyara ɗakunan da ke kewaye da ita. Hanyar tana da tsawo: jirgin ƙasa daga Gilasgo zuwa Oban wajen awa uku, jirgin ruwa zuwa tsibirin Mul, mota ta ratsa Mul fiye da awa ɗaya, sa'an nan ƙaramin jirgin ruwa na minti goma.

Mun kwana a Oban. Da safe gari ya waye garau, ko ɗigon gajimare babu. Na sa kaftani da babbar riga, gama na ce wuri mai daraja za ni, na bar kwat a masauki. Mama ta miƙo mini wata 'yar rigar ruwa mara nauyi, na ce, "Mama, ki bar ta, ai ga rana." Ta ce, "To, Fasto." Ba ta ƙara ba.

Muna kan ƙaramin jirgin nan sai iska ta taso da ruwa, ba daga sama ba, daga gefe. Na buɗe laima, nan take ta juye ta karye. Kafin mu kai majami'a shaddar ta jiƙe sharkaf ta manne mini a jiki. Auduga in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, sai ma ta janye na jikinka. Awa huɗu na yi a tsibirin haƙorana suna kaɗawa. Abin da ya fi ba ni haushi, rana ta sāke fitowa har sau biyu, yaran Turawa suna gudu a bakin teku da gajeren wando. Kabarin sarakuna da manyan giciye na dutse da mutane suke zuwa gani daga ko'ina, ni ban gan su da kyau ba. Bango nake nema in fake.

Ran Asabar mura ta kwantar da ni, ran Lahadi murya ta tafi gaba ɗaya. A ranar ce kuwa zan tsaya a gaban jama'ar da iyayensu da kakanninsu suka yi ta tara baiko suna aiko mana da ma'aikata, in isar musu da gaisuwa da godiyar dattawan ekklesiyarmu. Dominta aka biya mini kuɗin jirgi. Na zauna a gaba da babbar rigata, Mama ta karanta takardata a madadina. Ta karanta da kyau ƙwarai, amma har yau abin yana yi mini ciwo. A daren nan na tuna Manzo Bulus, da yake kurkuku, bai ji kunyar roƙon Timoti ya kawo masa alkyabbar da ya bari a Taruwasa ba (2 Timoti 4:13).

Kashegari Mama ta buɗe akwatin marigayi mijinta ta koya mini yadda su suke yi. Ba riga ɗaya mai kauri ba, sai marasa kauri a kan juna: singileti mai dogon hannu a ciki, taguwa a kai, sai rigar sanyi ta ulu, gama ulu ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi, a bisa duka kuma rigar ruwa mai hula wadda iska ba ta ratsawa. Rana ta fito, ka cire ɗaya ka sa a jaka. Gari ya ɓaci, ka mayar. Duka huɗun ba su kai nauyin kwat ɗina ba. Na kuma gane ba dole mutum ya rabu da kayan gida ba. Singileti da dogon wando mai kama jiki suna shiga ƙarƙashin kaftani ba wanda ya sani. Mata ma za su iya sa irinsa da doguwar safa a ƙarƙashin zane, su je sujada da atamfarsu da ɗankwali.

A ganina takalmi ya fi kome. A sami sau-ciki mai ƙafar roba, wanda an riga an saba da shi, da safa masu kauri ƙafa biyar ko shida. Laima kuwa a bar ta a gida. A riƙe rigar sanyi da rigar ruwa a jakar hannu, tare da magungunan da mutum yake sha kullum, don wani lokaci akwati yakan makara a hanya.

Akwai waɗansu ƙananan abubuwa. A yamma da cikin duwatsu akwai ƙwari da ba su kai sauro girma ba, suna fitowa dubbai da yamma in iska ta kwanta. Ba sa kawo zazzaɓi, amma cizonsu da ƙaiƙayi. Dogon hannu da man korar sauro suna taimako. Rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare a ƙarshen Yuni da farkon Yuli, kafin ƙarfe biyar ta sāke fitowa. Daren farko na yi ta jira duhu ya yi in yi addu'ar kwanciya, har sha ɗaya ta wuce. Wani ƙyalle mai duhu na rufe ido ya ishe ka. Soket ɗin lantarkinsu irin namu ne na Nijeriya mai baki uku, amma 'yan'uwa na Nijar da Kamaru sai su nemi mahaɗi.

Iyaye mata, kada ku sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a kayan. Doka ta hana shiga Birtaniya da nama da kayan nono daga ƙasashenmu, in an gani za a ƙwace. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya uwargida ta ƙulla mini, su ne kuwa suka fi faranta wa Mama rai. Ta ce rabonta da miyar kuka tun da ta bar Nijeriya. Ita ta dafa mana da kanta, da tuwon garin semolina.

Rigar ulun mijinta tana wurina har yanzu, nakan sa ta zuwa addu'ar asuba a watan Disamba. Kwat ɗin kuwa na bar ta a wani kantin sadaka a Oban, ban faɗa wa uwargida ba sai da muka iso gida daga tasha.