Rubutun Mota: A Karanta Kafin a Yanka

Kowane makiyayi ya san dabbarsa da shaidar da ke kunnenta ko cinyarta. Mota ma haka take. Ran kasuwa, in motoci sun yi yawa a tasha, da rubutun jikinta ake gane ta. Wanda bai yi karatu ba ya gane launi, wanda ya yi kuma ya karanta suna.

A Dakoro akwai wani dattijo, sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Da buroshi da fenti ya rubuta wa motocin Kornaka, da Sakabal, da Birnin Lalle, har na Bermo. Da ita ya yi aure, da ita ya ciyar da iyali.

Sai zamani ya juya. A farkon shekarun 1980 aka fito da injin yanka leda a Amurka. Ya daɗe bisa hanya, amma ya iso Maradi. Masu motoci suka ga rubutun leda yana walƙiya, baƙaƙensa kai ɗaya, ba a jiran fenti ya bushe. Suka koma can. Dattijo ya riƙa wuni a rumfa, ba mai sallama. Wata bazara sai da ya sayar da awakinsa biyu ya sayi hatsi.

Bai zauna yana zagin zamani ba. Ya ɗauki ɗansa wanda ya yi lakkol, suka tafi Maradi, suka zauna gun masu inji har suka gane aikin. Har yau ba shi da inji. A Maradi ake yanka masa, motar haya ta kawo. Sauran aikin duka a hannunsa yake.

Ita ledar nan launi gare ta a gaba, gam a baya, kuma tana kwance bisa takarda mai santsi. Wuƙar inji leda kaɗai take yankawa, ba ta huda takardar. Leda guda, launi guda. In rubutu launi 3 ne, yanka 3 za a yi.

Bayan girbi, wata ƙungiyar manoma ta ƙasar Kornaka ta haɗa kuɗin wake da gero, ta sayi tsohuwar Toyota shuɗiya don kai kaya kasuwa. Suna son a rubuta ALBARKAR ƘASA a ƙofa: baƙaƙe kore, gefensu fari, da rana ruwan goro a sama, kamar launin tutar Nijar. Suka aiko magatakardansu, wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci.

Dattijo ya fara da awo. Ya auna ƙofar da santimita, ya kauce wa mariƙi da wurin da ƙarfe ya lotsa. Yaron ya tsara rubutun a kwamfuta, ya nuna wa magatakarda. Shi ko ya sa yatsa, yana bi baƙi baƙi. Sai ya tsaya.

"Baba, ƙugiya ta faɗi. Nan an rubuta kasa."

Dattijo ya duba, ya ce: "Gaskiyarka, Malam. Da mun aika haka, da kun yi yawo da albarkar maciji."

Ba sakacin yaron ba ne. Zanen baƙaƙe da yawa na kwamfuta ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda ke cikin ƙa'idar rubutun Hausa da gwamnati ta tsayar a 1999. Sai an nemi zanen da ke da su. Tsakanin Dakoro da Maradi ya fi kilomita 100. Leda in an yanke ta, ba ta gyaruwa. Da kuɗin mutane sun tafi, da kuɗin mota, da mutuncin magatakarda a gaban waɗanda suka aiko shi.

Kafin a aika, yaron ya sa ƴan alamomi biyu, dama da hagu, a wuri guda bisa kowane launi. Su ne za su nuna inda wannan zai hau wancan.

Da leda ta iso, sai aikin da dattijo ke kira noma. Da allura yake cire duk ledar da ba rubutu ba ce, kamar mai cire haki ya bar hatsi. Ya ciro ta cikin A da ta cikin R. Wajen ƙugiyar Ƙ ya yi sannu, don ƙaramin abu ne, yana iya bin shara.

Sai haɗawa, bisa tebur mai tsabta. Fari ne ƙasa, don ya ɗan fi kore faɗi. Ya shimfiɗa wata leda mai ɗan gam, wadda ake gani ta cikinta, bisa koren. Ya goga, ya ɗaga, baƙaƙen suka biyo ta. Ya saukar da su bisa farin, alama bisa alama. Ya ƙara rana. In alama ta goce ko da kaurin ƙwayar gero ne, fari zai yi yawa a gefe guda, kowa zai gani daga nesa. Yanzu launi 3 sun zama abu ɗaya.

Bai manna ran nan ba, don ana hazo. Ƙura in ta shiga ƙarƙashin leda, gam ba ya kamawa. Haka kuma ba ya manna wa mota da rana tsaka. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ƙarfe ya yi zafi, leda ta yi laushi ta miƙe. In sabon fenti ne, sai ya ce a dawo bayan makonni.

Da safe, a inuwa, suka wanke ƙofar da sabulu, ta bushe, suka goge da alkol irin na likita. Ya kafa rubutun da salatif, ya ja da baya ya duba. Da layin jikin mota yake daidaitawa, don ƙasar da ta tsaya a kai ba lalle ta zama daidai ba. Ya janye takardar baya kaɗan kaɗan, yana gogawa da guntun roba daga tsaka zuwa gefe. Ya ɓare ledar sama a hankali. Inda iska ta maƙale, ya huda da allura ya danna. Ya ce wa direba kada a wanke wurin sai bayan kwana 2.

Abu biyu yake gaya wa kowa. Leda iri iri ce: mai araha tana tsukewa, bakinta ya tashi, kuma ja ya fi saurin koɗewa a rana, don haka a tambaya kafin a biya. Na biyu, kada a rufe lambar mota, ko fitila, ko gilashin da direba ke gani.

Buroshinsa yana nan, don leda ba ta zama bisa katakon babbar mota mai kaushi. Amma tun daga aikin manoman nan ya kafa doka a rumfarsa: ba a aika rubutu Maradi sai mai mota ya karanta da bakinsa. In bai iya ba, ya zo da wanda ya iya. Ƴan'uwa manoma da makiyaya, in ƙungiyarku za ta yi rubutu a mota, ko a amalanke, ko a ƙofar rumbun hatsi, ku aiki mai karatu, kuma ya bi shi baƙi baƙi.