Rabin Tanki da Damina Ɗaya

Babur ɗin da ke tsaye a soron gidana ya girmi duk 'ya'yana in ban da babbarsu. Ƙirar Honda ne, CD175, mai silinda biyu da kafireto ɗaya, giya huɗu, da ɗan batir mai bolt shida. Na saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, shekarar da ƙananan ma'aikata irinmu muka wayi gari da ariyas a aljihu. Wasu suka yi aure, wasu suka ƙara, wasu suka kwaso rediyo da fanka. Ni malamin gona ne a lokacin, ina zagayen ƙauyukan ƙasar Zazzau a kan keke, saboda haka ban tsaya dogon shawara ba. Litar fetur ko kwabo goma ba ta kai ba.

Shekara takwas na farko babu irin wahalar da ban ba shi ba. Ya ɗauki buhun taki zuwa Giwa, ya kutsa lakar hanyar Soba cikin marka, ya tsallake rafi da ni da abin feshi a baya. Bai taɓa sa ni kwana a hanya ba. Hutu ne ya kayar da shi.

A 1983 aka tura ni kwas na wata tara a Ibadan, daga Afrilu zuwa Disamba. Ranar da zan tafi na wanke shi tas, na goge, na tura shi cikin wani ɗakin ajiya mai daɓen ƙasa, na lulluɓe shi da babbar leda na ɗaure da igiya, na sa kwaɗo biyu a ƙofa. Ɓarawo nake tsoro, da ƙura, da ƙannena masu ƙaiƙayin hannu. Man da ke tankin bai kai rabi ba, kuma ina tuna na yi tunanin cika shi, sai na ce wa kaina wane irin almubazzaranci ne mutum ya zuba mai a abin da ba zai hau ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Da na dawo na yaye ledar, fentin tankin yana ta sheƙi kamar jiya aka fito da shi daga kanti. Na buga kik har cinyata ta sage, ko tari bai yi ba. Na tura shi a ƙafa zuwa wurin wani tsohon bakanike a Sabon Gari, wanda ya koyi aiki tun zamanin baburan Ingila. Bai taɓa filogi ba, bai taɓa batir ba. Murfin tanki ya buɗe, ya kai hanci, ya yamutsa fuska. Sannan ya zare tiyon mai ya tara farar kwalba. Abin da ya zubo ja ne kamar ruwan kududdufi, da ya ɗan kwanta sai ga ruwa ya taru a gindin kwalbar, man yana yawo a sama.

Na ce, "Baba, wallahi ko ɗigon ruwan sama bai taɓa shi ba. A ɗaki yake, a rufe."

Ya ce, "Malam, ai ba daga sama ya zo ba. Tankinka ne ya shaƙe shi."

Bayanin da ya yi mini a tsugune ranar nan, daga baya na same shi a littattafai da dogon Turanci, amma bai fi nasa fita ba. A murfin kowane tanki akwai wata 'yar ƙaramar huda da iska ke shiga ta maye gurbin man da inji ya sha. Da rana in ɗaki ya yi zafi, iskar da ke cikin tanki takan kumbura ta fita. Da dare in ƙarfe ya huce, sai ya zuƙo sabuwar iska daga waje. Cikin damina iskar nan jiƙe take da laima, kuma da ta taɓa bangon ƙarfe mai sanyi sai ta zama raɓa, kamar yadda gumi ke tsattsafowa a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Ɗigo ɗaya yau, ɗigo ɗaya gobe. Ruwa ya fi fetur nauyi, litarsa kilo guda ce, ta fetur kuwa wajen kashi uku cikin huɗu na kilo, don haka duk ɗigon da ya gangaro yakan nutse ƙasan man ya kwanta, man kuma ya rufe shi ya hana shi bushewa. Tankin babur yana zaune ne kamar sirdi, da aljihu biyu hagu da dama, kuma a gindin aljihunan nan ne haɗin ƙarfen yake. Nan ruwan ya kwana wata tara yana cin abinsa. Sama kuma, inda mai bai kai ba, tsirarar ƙarfe ce da iska da laima, abin da tsatsa ke nema ke nan. Ledar da na ɗaure ita ta ƙarasa aikin, domin danshin da ke tasowa daga daɓen ƙasa ba shi da hanyar fita.

Shi kansa fetur ba ya jure zama. Sashensa mai saurin kamawa da wuta shi ne ke fara tsiyayewa cikin iska, abin da ya rage kuma bayan 'yan watanni yakan yi wari irin na tsohon fenti, ya bar wani danƙo mai toshe ƙananan hudojin kafireto. Warin da tsohon ya shaƙa ke nan.

Gyaran ya ci mu mako guda, kuma nan ne na ga bambancin mai sana'a da mai neman kuɗin cefane. Yaran gareji sun ba da shawarar a zuba ruwan batir, wai nan take zai cinye tsatsar. Tsohon ya daka musu tsawa. Ruwan batir ba ya tsayawa a kan tsatsa, yakan wuce ya ci ƙarfen da ya riga ya sirance, a yi gyaran gangar Auzinawa. Wani ya ce a zuba yashi a girgiza. Shi ma ya hana, don yashi ba ya fita duka, kuma ƙwayar da ta maƙale wata rana a cikin inji za ta ƙare. Abin da ya yi shi ne ya cire famfon mai, ya toshe gurbinsa, ya ƙirga notuna talatin a gabana ya zuba ciki da ɗan kananzir, ya miƙa mini ya ce in yi ta girgizawa. Na girgiza har kafaɗuna suka yi tsami. Da muka juye, ya sake ƙirga notunan ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da tara suka fito. Sai da muka ɓata kusan awa guda da waya da mayen ƙarfe kafin na talatin ya bayyana. A raina na ga kamar tsanani ne kawai irin na tsofaffi. Yanzu da na tsufa, ni ma ko allura na ba jikata aro sai na ƙirga.

Bayan nan ya wanke tankin da ruwan zafi da sabulu don maiƙon ya fita, ya cika shi da jiƙon tsamiya mai kauri da aka tace, ya ajiye kwana uku yana juya shi safe da yamma. Tsamin tsamiya yana narkar da tsatsa a hankali, irin yadda mata ke goge tasa da ita. Yau mutum zai iya sayen binega ta yi masa wannan aikin. Abin da mutane ke mantawa shi ne mataki na gaba. Ƙarfen da aka wanke da tsami tsirara yake, kuma in an bar shi da jiƙa, kafin a gama sallar la'asar ya sake yin ja. Tsohon ya ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ya sake ɗauraya da ruwan zafi, ya kifa shi a rana tsaka, kuma yana bushewa ya zuba baƙin mai sabo ya jujjuya har ya shafi ko'ina.

Tsatsar da ta fita ta tona asirin hudoji biyu, ƙanana kamar bakin allura, a gindin aljihun hagu. Na ce a kai wa mai walda. Ya dube ni ya ce, "Malam, kana da iyali?" Tanki cike da mai yana iya ci da wuta, amma wanda aka juye ya bar tururi a ciki shi ne ke fashewa, kuma masu walda da dama sun rasa ido ko fiye da ido a kan haka. Namu ya sha wanki har warin mai ya bar shi, duk da haka wurin mai gyaran lagireto ya kai shi, aka liƙe da dalma da zazzafan ƙarfe, ba tare da harshen wuta ya kusance shi ba. Liƙin nan yana nan har yau.

Tun daga ranar nan, ajiyar babur a wurina iri biyu ce, kuma babu ta uku. In zaman wata ɗaya ne zuwa uku, nakan cika tanki har wuya, in bar ɗan sarari kaɗan saboda mai na kumbura da zafi. Inda mai ya cika, iska ba ta da masauki. Nakan ƙara cokali biyu na man inji irin wanda masu Basfa ke haɗawa da fetur. Na lura tun da daɗewa cewa tsofaffin Basfa da ake zuba wa haɗin nan kai tsaye a tanki ba su cika yin tsatsar ciki ba, domin kullum bangonsu da maiƙo. Sai in rufe famfo, in bar injin yana aiki har ya shanye abin da ke kafireto ya mutu da kansa. In kuwa zaman zai wuce haka, kamar lokacin da aka yi mini aikin ido na kusa shekara ban hau ba, sai in juye man ƙaf, in cire tankin, in shanya shi, in shafe cikinsa da mai, in ɗora shi a kan kanta nesa da ƙasa. Rabin tanki ne mugun. Ya yi kama da mutumin da bai ce maka i ba, bai ce a'a ba, yana ta zuwa gaisuwa.

Na san cika tanki yanzu magana ce mai nauyi. Da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Wanda ba zai iya cikawa ba, ya juye ya shanya, wannan ba ya cin ko sisi. Kuma wanda ya cika, kada ya ajiye kusa da madafi ko inda ake kunna janareta. Man 'yan bumburutu kuwa, ba na zagin kowa da sana'arsa, ni ma ya sha fitar da ni kunya, amma jarkar da ta kwana a waje ba ta rasa ruwa a gindi, kuma ba shi ne man da za a bar wa tanki ya kwana da shi wata uku ba.

Sauran hidimar ba ta da yawa. A canza baƙin mai kafin ajiya, don tsohon mai yana ɗauke da dattin da ke cin ƙarfe. Ɗan cokalin mai a ramin kowane filogi, a taka kik sau biyu uku. Batir a cire. A ɗora babur ɗin a kan babban jak don tayoyi su huta, a shafa wa sarƙa mai, a rufe da tsohon zanen gado mai shan iska. Akwai kuma abin da littafin Japanawa bai sani ba: zanzaro. Duk rami da ya gani gida ne, bakin salansa ne ko hudar murfin tanki. Sau ɗaya ya liƙe mini hudar nan da laka, babur ya riƙa tashi lafiya, in an yi tafiyar mil biyu ya mutu, sai an buɗe murfi ya ja numfashi. Kwana biyu ina zargin kwayil. Yanzu nakan toshe salansa da tsumma mai maiƙo, in ɗaura jan ƙyalle a kan hannun don kada in manta da shi.

Na ga baburan da suka fi nawa ƙuruciya sun mutu a tsaye. Bayan da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, na je wata ziyara na ga mashina jere a wani lungu, masu su sun jingine su da niyyar sati biyu ko uku, kafin gwamnati ta sauko. Kowanne da ɗan guntun mansa a ciki. Ban ce komai ba, don mutumin da aka raba da abincinsa ba laccar tsatsa yake buƙata ba, amma na san abin da ke gudana ƙarƙashin murafun nan.

Likita ya hana ni hawa yanzu, 'ya'ya kuma sun goya masa baya, har sun ɓoye makulli na wani lokaci. Sau ɗaya a wata, ranar Asabar, jikana na wajen babbar 'yata yakan zo ya fito da babur ɗin. Ya san sharaɗin: ba a tayar da shi minti biyar a kashe, don gajeren ɗumi tururin ruwa kawai yake tarawa a salansa da cikin inji. Sai an yi tafiya ta gaske har ya gasu. Yakan kai shi Samaru ya dawo, ya juya famfo zuwa rizab na ɗan lokaci don ya zuƙe abin da ya kwanta a ƙasa, ya biya gidan mai ya cika.

Makon jiya ya dawo yana dariya, ya ce, "Tsoho, wani ya tare ni a hanya zai saya. Ya ce ko nawa ne. Ka sayar mana mu sayi na zamani, wannan ai sa'anka ne."

Na ce, "Ja'iri, miƙo mini tocila."

Na buɗe murfin na haska. Man ya kawo har wuya, garau, ana hango ƙarfen ƙasa fari. Na ce masa ya duba da kyau, sannan ya ɗauko kwalbar nan da ke kan taga, mu tsiyayi kaɗan daga famfo mu gani.