Pittsburgh, Garin da Aka Kasa Kunne ga Tunani

Pittsburgh gari ne na tuddai da gadoji, inda kogin Allegheny da na Monongahela suke haɗuwa su zama Ohio. Da can hayaƙin masana'antun ƙarfe ne ya yi masa suna. Ni dai abin da ya kai ni shi ne wani gini a Jami'ar Carnegie Mellon mai suna Newell-Simon, inda za ka tarar da ɗalibai suna cin abinci, kwamfuta a gefen faranti, ana musu a kan mutum-mutumi.

Mutanen nan biyu da aka sa wa ginin sunansu, Allen Newell da Herbert Simon, sun burge ni matuƙa. A 1956, su da Cliff Shaw, suka fitar da wata manhaja da ta tabbatar da ƙa'idoji 38 cikin 52 na wani babin littafin lissafi. Kafin ta hau na'ura, Simon ya tara iyalinsa da ɗalibai, ya raba musu katuna, kowa ya zama ɓangare guda na manhajar. Ka ji mutum!

Amma abin da ya fi kama raina haƙurinsu ne. Sai su ba mutum wasan wasa ƙwaƙwalwa, su ce ya riƙa faɗin duk abin da ya zo masa a rai, suna ɗaukar muryarsa. Littafinsu na 1972 daga irin wannan saurare ya fito. Suka gano cewa ɗan Adam yakan dubi inda yake da inda yake son zuwa, ya nemi abin da zai rage tazarar. Ba ya jiran mafita mafi kyau. Wadda ta wadatar yake kamawa.

Masu ƙera manhajar hira don mutanen da damuwa ta yi wa katutu suna da abin ɗauka a nan. Wanda ya rubuto da tsakar dare cewa komai ya cakuɗe masa ba jerin shawarwari goma yake bukata ba. A tambaye shi wace ce ta fi hana shi barci, bashi ko rikicin gida, sannan me zai iya yi gobe da safe.

Sai dai dara tana da doka, baƙin ciki ba shi da ita. Simon da kansa ya yi rubutu a 1973 kan matsalolin da ba su da tsari. Matar da ta rasa ɗanta ba ta da wani “inda take son zuwa”, kuma manhajar da ta matsa mata da wannan tambaya ta ƙara mata ciwo.